Ƙofar Zuciya Mai Yoyo: A Gyara Ko A Canza?

Auta: Assalamu alaikum daga Gusau. Tunda aka fara karo-karon kuɗin aikin zuciyar wata yarinya a WhatsApp, saƙonninku ba su tsaya ba. Anti, wai zuciya ma tana yoyo kamar randa?

Anti Nas: Ba waje take zuba ba, Auta. Tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya akwai ƙofa mai marfi biyu, mitral. In ba ta rufe ruf ba, jini ya riƙa komawa baya ke nan yana danne huhu. Sai haki, sai kumburin ƙafa, mutum ya kasa barci sai ya jingina. A wajenmu yawanci daga ciwon maƙogwaro na yarinta take somawa, wanda ba a yi wa maganin ƙwayar cuta ba.

Yaya: Wanda ake kai wa wanzami ya cire belu?

Auta: Yaya, kai ma an cire naka ai!

Yaya: A Ƙaura Namoda, ina shekara bakwai. Kwana uku kunu zalla.

Auta: Shi ya sa har yau ba ka kallon kunu.

Yaya: Ko na tsamiya, ko da azumi!

Anti Nas: To belu bai da laifi, penisilin yaron yake buƙata. Ku bar ni in gama. In aiki ya kama, ana ɗora mutum a na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar, a ɗinke marfin, a sa zobe ya matse bakin ƙofar. Likitan Faransa Alain Carpentier ne ya shahara da wannan dabarar. Ni dai in gyara zai yiwu, shi nake so, musamman ga budurwa. In aka canza ƙofar aka sa ta ƙarfe, sai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin yana iya cutar da ɗan tayi. Matsalar, marfin da ciwon nan ya cinye yakan yi kauri ya ƙage, ba kullum yake gyaruwa ba.

Yaya: Dole sai Indiya, Anti?

Anti Nas: Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Inugu. Amma kuɗin...

Auta: Anti, ga kiran magariba. Zancen kuɗi sai mako mai zuwa.

Anti Nas: Ban ma taɓo allurar penisilin ta wata-wata, mai hana ciwon dawowa, ba fa!