Mage tana ci tana ramewa: ko ciwon suga ne?

Kwanon ruwan da magenku ke kwana biyu ba ta shanye ba, yanzu kafin la'asar ya ƙafe. Har bakin randa take lasa. Ga ci kamar ba gobe, amma ku shafa gadon bayanta, ƙashi za ku ji. Da yawa sai su ce tsutsar ciki ce. To, a yi hattara, mage ma tana kamuwa da ciwon suga, kuma nata ya fi kama da irin wanda ke kama manyan mutane masu ƙiba.

Insulin, wani sinadari da jiki ke samarwa, shi ne ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Idan jiki ya daina jin insulin, sai suga ya taru a jini, ƙoda ta zubar da shi ta fitsari, ya tafi da ruwan jiki. Ga dalilin ƙishirwar nan. Tsoka kuwa tana cikin yunwa, sai jiki ya koma cin kitsensa da namansa.

Ciwon ya fi kama muzuru mai ƙiba da ya haura shekara 7, wanda ba ya farauta, sai kwanciya. Mage dai nama aka halicce ta ta ci, ragowar tuwo da shinkafa kullum teɓa kawai suke ƙara mata.

Ku kuma duba tafiyarta. Lafiyayyar mage a kan yatsu take takawa. Wadda ciwon ya taɓa wa jijiya, dunduniyar ƙafafun baya take dasawa ƙasa, ta kasa tsalle kan katanga.

A wurin likitan dabbobi, gwaji ɗaya ba ya isa, don tsoro kaɗai kan ɗaga sugan mage. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin fitsari da wani gwajin jini da ake kira furuktosamin, mai nuna yadda sugan ya kasance makonni biyu zuwa uku baya.

Magani yawanci allurar insulin ce sau biyu a rana, da abinci mai yawan nama. In an fara da wuri, wasu har sukan daina buƙatar allurar.

Idan bayan allura kuka ga tana rawar jiki ko tangaɗi, sugan ne ya faɗi. Ku shafa mata zuma a dasashi, ku garzaya asibitin dabbobi. Haka in ta ƙi abinci tana amai, kada a bari ta kwana a gida.