Injiniya, mai jiran kwana 28

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, Hajiya da yara, 'yan'uwa maza da mata, ina yi mana gaisuwa baki ɗaya. Allah ya jiƙan Injiniya, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

Da Shugaba ya ce ni zan yi magana yau, na so in zame, don akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma riga ni sanin marigayi. Sai ya ce da ni, kowa a ɗakin nan ya san Injiniya a kujerar gaba, fes da shi, amma kai ne ka san shi da hular kwano da takalmi duk caɓo. To, wannan Injiniyan zan ba ku labarinsa, kuma zan fara da abin kunyata.

Ban daɗe da kama aiki a ƙarƙashinsa ba aka bar mini kula da zuba kankare a hawa na biyu na wani bene. Motar kwaɓi ta iso, kankaren ya yi kauri, leburori na ta ƙorafin ba ya shimfiɗuwa, direba kuma yana duba agogo. Sai na ce a ƙara ruwa. Aka ƙara, aiki ya yi ta gudu, ni har da jin na yi dabara. Da yamma Injiniya ya zagayo. Ya tsuguna, ya shafa saman da yatsa, ya dube ni, bai ce uffan ba. Sai da leburori suka watse ya kira ni cikin motarsa ya rufe ƙofa.

A nan ya koya mini abin da na karanta a makaranta amma bai shiga kaina ba. Mu kan ce kankare ya bushe, alhali ba bushewa yake yi ba. Siminti yana haɗuwa da ruwa ne su zama dutse a hankali, kuma ruwan da yake bukata ƙididdigagge ne. Wanda ya yi rara sai ya fice ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, ƙarfi ya ragu, danshi ya sami hanyar kaiwa ga rodi. Rodi kuwa idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga ginin daga ciki. Shi ya sa ake ɗibar samfurin kowane zubi a ɗan akwati mai faɗin milimita 150, a murƙushe shi da inji a kwana 7, a sake murƙushe wani a kwana 28, lokacin da ake sa ran ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Ya ce mu jira sakamako. Muka jira. Bai kai ba.

Ya sa aka farfasa wurin, kamfani ya ɗauki asarar, shi ya je gaban masu kwangilar ya sha faɗa a madadina. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban ji ya ba wani wannan labari ba. Abin da ya faɗa mini a motar nan kaɗai na riƙe: wanda zai kwana ƙarƙashin rufin nan bai san sunanka ba, amma ransa ya ba ka ajiya.

Kada ku ɗauka tsoro ne na banza. Duk sabon yaro da ya zo aiki sai ya ba shi labarin Rana Plaza, benen nan mai hawa 8 da ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangladesh ranar 24 ga Afrilun 2013, ya kashe mutum 1,134, akasarinsu masu ɗinkin tufafi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne an ga tsaga a jikin ginin tun ana gobe, amma aka ce da ma'aikata su koma bakin aiki. Yakan ce tsagar ta yi magana, mutane ne suka toshe kunne.

Ko da ya hau kujerar shugabancin kamfani, ofis bai riƙe shi ba. Lokacin hunturu, idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, da kansa yake zuwa ya ga an lulluɓe sabon zubi, don ƙanƙara na lalata kankaren da bai kama ba. Idan ya ga yaro a sama babu igiyar tsaro, sai aiki ya tsaya, ko nawa za a rasa, domin faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe magina a ko'ina. Albashin lebura kuma ba ya kwana. Hadisin nan na a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, a wurinsa dokar ofis ce.

Ba zan mai da shi waliyyi ba, don da yana nan da ya harare ni. Mutum ne mai tsanani, wani lokaci har ya wuce. Ma'ajinmu yana zaune, ya san yadda Injiniya kan tsayar da taro a kan rasit guda da ya ɓata. Waɗanda muke zuwa taro a makare kuma mun san kallon nan da yake bin agogon hannunsa da shi, sannan ya bi mu. Yau ma, Allah ya gafarta mana, mun makara da kusan rabin awa.

Amma fa wannan mutumin da 'yan kwangila ke shakka, idan ya isa ƙofar gidansa wani ne daban. Wayar aiki a mota take kwana. Na taɓa nemansa da dare kan wata matsala, ban same shi ba, da safe ya ce in bene bai rushe ba, maganar za ta iya jiran gari ya waye, jarrabawar autarsa ce ba za ta jira ba. Mu da muke zaune a ƙasar da ba tamu ba mun san yadda aiki ke cinye uba. Ka fita yara na barci, ka dawo suna barci, ka wayi gari ɗanka ya girma da harshen da ba ka iya yi masa faɗa da shi. Injiniya ya ƙi yarda da wannan cinikin. Taron iyaye a makaranta ba ya wuce shi. Da Hajiya ta yi jinya, ya miƙa ragamar kamfani ga mataimakinsa, shi ke kai ta asibiti, shi ke zaman jira.

Babban ɗansa ya ba ni izinin faɗar wannan. Akwai lokacin da ya bar karatu, ya ce shi gini ba nasa ba ne, kowa ya ba Injiniya shawarar ya matsa masa, har da ni mai bakin magana. Ya ƙi. Ya ce idan ka cire katakon da ya tallafi ginshiƙi kafin lokacinsa, ba ginshiƙin za ka zarga ba. Ya ci gaba da zama da yaron, yana saurarensa, bai taɓa goranta masa ba. Ga shi nan yau a gabanmu, ma'aikacin jinya, kuma a hannunsa mahaifin nasa ya cika.

Hajiya, sai haƙuri. Abin da kika rasa ba mu da bakin kwatanta shi. Yara, ƙofofinmu a buɗe suke, ba sai an yi taro ba. Matasa kuma da marigayi ya sama wa gurbin koyon aiki, waɗanda ba su kammala ba, ku same ni bayan an tashi, mu ga yadda za a yi kada karatunku ya tsaya.

Akwai wani tef ɗin awo nasa a motata. Na ara tun bara, sau biyu yana tuna mini, ina cewa gobe. Na zo da shi, zan miƙa wa Hajiya in an shafa.

Malam, bismillah, a yi mana addu'a.