Sharhi: Kuɗin Ɗakin Zane a Makarantun New York

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai wata magana da kunnena ya gaji da ji daga bakin masu riƙe da makarantun gwamnati na birnin New York a Amurka. Duk lokacin da aka zo zaman kasafin kuɗi, sai a ce hukuma tana tare da darussan zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo ɗari bisa ɗari, bana ne dai babu hali. An kusa shekara hamsin ana faɗin haka. To ni yau tambaya ɗaya gare ni: a wane layi na kasafin aka rubuta kuɗin, kuma wa aka hana taɓa shi? Domin tarihin birnin nan ya nuna abu guda, ya kuma maimaita shi har ya isa. Duk kuɗin da ba a ɗaure shi da sunan ɗakin zane ba, ɗakin zane ba ya ganinsa.

Ku tuna, wannan birni ne da magajin garinsa Fiorello La Guardia ya buɗe sakandare ta musamman don kiɗa da zane tun 1936, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Kenan rashin kuɗi bai taɓa zama hujja ba, sai ga wanda ya so ya mai da shi hujja.

A 1975 birnin ya kusa tsiyacewa. Hukumar ilimi ta sallami malamai kimanin 14,000, kuma masu koyar da zane da kiɗa suna sahun farko, musamman a firamare. Ba zan ce hukumar ba ta shiga tsaka mai wuya ba a wannan shekarar, ta shiga. Abin da ba na yafewa shi ne abin da ya biyo baya. Tattalin arziki ya farfaɗo, kasuwar hannun jari ta cika ta tumbatsa a shekarun 1980, amma ba a mayar da malaman yadda suke ba. Shekara ashirin cur! Yaron da ya shiga aji ɗaya a 1976 ya gama sakandare, ƙannensa ma suka bi sahu, da yawansu ba su taɓa zama gaban ƙwararren malamin zane ba. Masu sha'awar koyon aikin koyar da zane kuma suka kama wasu hanyoyi, don wa zai kashe shekaru yana karatun aikin da babu mai ɗauka?

Waɗanda suka toshe ɓarakar mutanen waje ne. A 1977 wata attajira mai suna Agnes Gund ta kafa ƙungiyar Studio in a School, tana tura masu zane cikin azuzuwa. A 1996 gidauniyar Annenberg ta ba da dala miliyan 12, da sharaɗin a nemo ninki biyu nata daga gwamnati da masu hannu da shuni. Allah ya saka musu. Amma ku lura, birni mai ɗalibai wajen miliyan ɗaya, tsarin makarantu mafi girma a Amurka, sai da baƙo ya ajiye kuɗinsa a kan tebur kafin mai gida ya tuna da ɗansa.

Sai a 1997 hukumar ta yi abin kirki na gaske. Zamanin magajin gari Rudolph Giuliani da shugaban makarantu Rudy Crew aka kafa shirin Project ARTS, aka fara da dala miliyan 25, cikin shekara uku ya kai miliyan 75 a shekara. Yawan kuɗin bai burge ni ba, idan aka raba shi a kan kowane yaro bai wuce dala sittin da 'yan kai ba. Sharaɗin da ke kansa shi ne maganar. Kuɗin yana zuwa makaranta da sunansa. Shugaban makaranta zai iya ɗaukar malamin kiɗa da shi, ko ya sayi fenti da yumɓu, ko ya gayyato 'yan wasan kwaikwayo, amma ba zai karkatar da shi wani wuri ba. Shirin yana da nasa aibu, an ɗan zaftare shi a wasu shekarun, ba kuma kowace makaranta ce ta yi amfani da shi yadda ya kamata ba. Duk da haka malamai sun dawo, an buɗe ɗakunan da aka rufe.

To me ya faru? A 2002 majalisar dokokin jiha ta miƙa ragamar makarantu ga magajin gari Michael Bloomberg, tsohuwar hukumar ilimi ta kau, Joel Klein ya zama shugaban makarantu. A 2004 suka fitar da manhajar koyar da zane da kiɗa tun daga rabin aji har ƙarshen sakandare, kuma in za a faɗi gaskiya takarda ce mai kyau, malamai da yawa sun yaba ta. Amma a 2007 sai suka kwance igiyar. Kuɗin Project ARTS, kimanin dala miliyan 67 a lokacin, aka zuba shi cikin babban asusun kowace makaranta, aka ce shugaban makaranta ya kashe yadda ya ga dama.

Hujjarsu ita ce shugaban makaranta ya fi kowa sanin bukatar yaransa, kuma za a riƙa bin diddigi da rahoton shekara-shekara. Haba jama'a! A cikin wannan shekara ta 2007 ɗin aka fara ba makarantun birnin maki daga A zuwa F, mafi yawan makin kuma daga jarrabawar Turanci da lissafi yake fitowa. A lokacin, makarantar da ta yi ta faɗuwa ana iya rufe ta, shugabanta na iya rasa kujerarsa. Dokar ilimi ta tarayya da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002 ta lissafa zane da kiɗa cikin manyan darussa, amma karatu da lissafi take aunawa kowace shekara daga aji uku zuwa takwas. Ka ɗora wa mutum wuƙa a wuya kan darussa biyu, ka miƙa masa kuɗin na uku ka ce ya zaɓa. Wane zaɓi ya rage masa? Ni ban ga laifin shugaban makaranta ba. Laifin na wanda ya kwance igiyar ne yana sane da inda akuyar za ta nufa.

Ku shiga irin wannan makaranta ku gani. An mai da ɗakin zane ajin ƙarin darasi. Malamar, in ma an bar ta, ta loda kayanta a kan keken turawa, gwangwanayen fenti, almakashi, takardu, tana bi aji-aji. Babu famfon wanke hannu a ajin, saboda haka fenti ya haramta, sai fensir mai launi. Minti arba'in da 'yan kai gare ta, goma sun tafi wajen rabon kaya, goma wajen tattarawa. Yaron da hannunsa ya fara faɗawa kan zanen, ƙararrawa ta kaɗa, an karɓe takardar. A rahoton shekara kuwa za a rubuta cewa makarantar tana koyar da zane.

Ba ni na ƙirƙiri sakamakon ba. A 2014 mai binciken kuɗin birnin, Scott Stringer, ya fitar da rahoto. Makarantu 419, wato kashi 28 cikin 100, ba su da ko malami ɗaya na cikakken lokaci mai takardar shaidar koyar da waɗannan darussa. Kashi 20 ba su da shi ko na rabin lokaci, alhali dokar jihar ta wajabta ƙwararren malami ga 'yan aji bakwai zuwa sama. Kuɗin sayen kayan aiki ya faɗi da kashi 84 tsakanin 2006 da 2013. Kashi 84! Kuma fiye da kashi 42 na makarantun da ba su da malami ko ɗaya suna kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, unguwannin talakawa. Wannan ne ya fi ci mini rai. A unguwar masu hali ƙungiyar iyaye tana tara kuɗi ta biya malamin kiɗa da kanta, yaro kuma yana da darasin fiyano bayan an tashi. Ɗan talaka abin da makarantar gwamnati ta ba shi, shi ke nan rabonsa.

Masu cewa a fara koya wa yaro karatu kafin a ba shi burushi, ku je ku faɗa wa makarantun kuɗi na Manhattan. Babu wadda ta rufe ɗakin zanenta don 'ya'yan attajirai su iya lissafi.

Bayan rahoton, magajin gari Bill de Blasio ya ware dala miliyan 23, aka ɗauki sababbin malamai sama da ɗari. Madalla. Amma ku kwatanta da miliyan 67 da aka kwance shekara bakwai kafin nan. Ba a kuma mayar da tsarin da ke tilasta wa kowace makaranta kashe kason kowane yaro a kan darussan ba. Da annobar korona ta zo a 2020, ba sai na gaya muku inda almakashi ya fara sauka ba. An yanke kusan kashi 70 na wancan asusun da de Blasio ya ware.

Ina ɗan shakka ko ɗaure kuɗi kaɗai zai wadatar, don malami yana bukatar ɗaki da lokaci a jadawali. Amma ba na shakkar cewa in babu ɗaurin, sauran duk zance ne. Mutanen jihar Kalifoniya sun gane haka. A Nuwamban 2022 suka kaɗa ƙuri'a suka kafa doka: kowace shekara a ware wa zane da kiɗa kuɗin da ya kai kashi 1 cikin 100 na kason makarantu, wajen dala biliyan ɗaya, kuma a manyan gundumomi aƙalla kashi 80 na kuɗin ya tafi wajen ɗaukar masu koyarwa. Masu riƙe da makarantun New York sun taɓa yin irin wannan ɗauri da hannunsu a 1997, sun ga amfaninsa shekara goma, su suka kwance shi a 2007. Su mayar da shi, su rubuta shi cikin doka yadda magajin gari na gaba ba zai iya gogewa da alƙalami ɗaya ba.