Maus Ya Daskare a Tsakiyar Sa Windows 7: Ga Inda Matsalar Take

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan saƙonni sun yi ta shigowa, kuma kusan duk kuka ɗaya ne: "Malam, na sa filash zan ɗora Windows 7, allon zaɓen harshe ya fito, amma maus ya ƙi motsi, kibod ma shiru." Wani bawan Allah da ke da tsohuwar firinta a shagonsa sai da ya sayi maus uku kafin ya kawo min kwamfutar. Dukkansu ukun lafiyarsu ƙalau.

Bari mu yi sauri mu wuce matsalar tashi tukuna. Kunna kwamfuta, ka riƙa danna F2 ko Del, a HP kuma F10. Ga shi mun shiga BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta karɓa. Kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi. Kunna CSM, wato tsohon salon tashin kwamfuta, wasu kamfanonin Legacy suke rubutawa. Idan ka bar shi a kashe, nan ne za ka ga ta maƙale a kan "Starting Windows", ta tsaya cak. A Rufus kuma, manhajar da ake sa Windows a filash da ita, ka zaɓi tsarin MBR. Shi ke nan, adana saitin BIOS, fita.

To yanzu ku kalli nan da kyau.

Ga maus yana yawo a cikin BIOS. Ga shi, sama, ƙasa. Mun sake kunnawa, Windows ta fara lodi... ya mutu. Maus ɗaya, ƙofar USB ɗaya, minti ɗaya tsakani. Me ya canza?

Wanda ke riƙe da ƙofar ne ya canza. Lokacin da kake cikin BIOS, ita ce ke yi wa maus tafinta. Da Windows ta tashi, sai BIOS ta miƙa mata ragama ta koma gefe. Ita kuwa Windows 7 a 2009 ta fito, ba ta zo da direban USB 3.0 ba, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane irin wannan ƙofar, Windows 8 ce ta fara zuwa da shi. Kamar ka damƙa wa mutum makullin shago ne alhali an riga an canza kwaɗon. Kada hasken da ke ƙarƙashin maus ya ruɗe ka, wuta ce kawai ke shiga, saƙo ba ya wucewa.

Wani zai ce, ai sai in cire daga shuɗiyar ƙofa ta USB 3.0 in mayar baƙa ta USB 2.0. A tsohuwar kwamfuta, eh, wannan na yi, ka gwada shi kafin komai. Amma tun daga furosesar Intel ƙarni na shida, wanda ya fito a 2015, an cire tsohon mai kula da USB 2.0 gaba ɗaya. Baƙa da shuɗiya duk hanya ɗaya suke bi. Wannan saƙon ma da ke cewa ba a ga direban CD ko DVD ba, alhali kai da filash kake aiki, ciwon ɗaya ne: filash ɗin da ta tashi da shi ne ta daina gani.

Idan kwamfutar tebur ce kuma kana da zagayayyar ƙofar nan ta PS/2 a baya, ka huta da matsalar maus da kibod. Kore ta maus, shunayya ta kibod. Kashe kwamfutar kafin ka soka, don ita ba a soka mata tana kunne. Ni dai ina ganin duk mai gyara ya kamata ya ajiye irin wannan maus ɗin guda ɗaya a durowa, ya sha fitar da ni kunya a gaban kwastoma.

Babu PS/2? To sai mu cusa direban a cikin filash ɗin. Kuma nan ne mafi yawanku kuke tuntuɓe, don haka zan tafi a hankali.

Buɗe filash, shiga jakar sources. Fayil biyu nake so ku gani. Ga boot.wim. Ga install.wim. Na farkon ƙaramar Windows ce mai aikin ɗorawa kawai, kamar leburan da ya kawo kaya ya tafi. Na biyun ita ce Windows ɗin da za ta zauna a kwamfutarka.

Mutane sai su sa direba a boot.wim kaɗai. Maus ya yi aiki, a yi murna, ɗorawa ta kammala, kwamfuta ta sake tashi, allon rubuta suna ya fito... maus ya sake mutuwa. A nan ne mutum ke cewa aikin bai yi ba, ya goge komai ya faro daga farko. Aikin ya yi, rabi ka yi. Lebura ya tafi da direbansa, mai gida bai samu ba.

Dole duka biyun. A boot.wim akwai kashi biyu, ka sa a kowanne. A install.wim kuwa kowane nau'i da lambarsa, Home daban, Professional daban, Ultimate daban. Idan ka sa wa Home sannan ka zaɓi Professional wajen ɗorawa, ka koma gidan jiya. Umarnin DISM, wato manhajar Windows da ke cusa direba a waɗannan fayilolin, ga su nan a allo, tsayar da bidiyon ka kwafa. Wanda baƙin allon rubuta umarnin nan ke ba shi tsoro, akwai manhajar Gigabyte da ta MSI da ta ASUS masu yin wannan aikin da dannawa kaɗan. Ka dai tabbata direban na kwamfutarka ne, na Intel ba zai yi a AMD ba.

Abu ɗaya da ba zan ɓoye muku ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Idan don firinta ko injin zane ka sa ta, madalla, amma don Allah kada ka buɗe asusun bankinka a kanta.

To, mu gwada. Filash ya shiga. Harshe... maus na motsi. Bari mu tsallake jiran nan. Ta sake tashi, ga allon suna. Bismillah. Ku kalli kibiyar, ga ta nan tana tafiya.