Akwatin da Ba a Buɗe Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau zan yi magana ne a kan Saje La David Johnson, sojan Amurka ɗan shekara 25, wanda ajali ya kira shi har ƙasar Nijar.

Baƙar fata ne, ɗan garin Miami Gardens a jihar Florida. Kafin ya sa kaki a 2014, a kantin Walmart yake aiki, ɓangaren kayan lambu, kuma mutanen unguwa sun san shi da tuƙa keke a kan taya ɗaya. A soja ma makanike ne, mai gyaran motocin runduna ta musamman. Amma ranar 4 ga Oktoba, 2017, da mayaƙan ISIS na yankin Sahara suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo a jihar Tillaberi, babu wanda ya tambayi waye makanike, kowa ya ɗauki bindigarsa. Amurkawa huɗu suka kwanta dama: shi, da Bryan Black, da Jeremiah Johnson, da Dustin Wright. Sojojin Nijar aƙalla huɗu su ma suka rasu a wurin, waɗanda duniya ba ta damu ta san sunayensu ba. Allah ya jiƙansu.

An kwashe gawarwakin Amurkawa uku a ranar. Shi kuwa sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa a gindin wata ƙaya, kusan kilomita guda daga inda aka rabu da shi. Binciken ma'aikatar tsaron Amurka na watan Mayun 2018 ya ce yana harbi har numfashinsa na ƙarshe, ya kuma nuna kurakurai wajen horo da shirya tafiyar.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne jana'izarsa. An kai shi gida cikin akwati lulluɓe da tuta. Matarsa, da cikin wata shida da 'ya'ya biyu ƙanana, ta kifa kanta a kan akwatin a filin jirgin Miami tana kuka. Ta nemi ta ga mijinta, ko da yatsa ne, aka hana ta. Ranar 21 ga Oktoba aka binne shi a garin Hollywood na Florida, ta sumbaci akwatin da ba ta san abin da ke ciki ba. Mu da muka saba a kira dangi su yi wa mamaci ganin ƙarshe kafin a rufe likkafani, mun san nauyin wannan abu. Ana cikin haka kuma 'yan siyasa suka koma cacar baki kan kalaman da Shugaba Trump ya faɗa mata a waya, makoki ya zama abin muhawara a talabijin.

A watan Nuwamba masu bincike suka koma Tongo Tongo, suka sake samo wasu sassan jikinsa, makonni uku bayan an rufe kabari. A 2019 aka ba shi lambar yabo ta Silver Star. A watan Satumban 2024 sojojin Amurka suka kammala ficewa daga Nijar, kuma 'yar da aka haifa bayan rasuwarsa tana da shekara shida a lokacin.