Cire kan batir mota tana kunne: gwajin da ke kashe ƙwaƙwalwar mota

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok, na san yawancinku kun gani. Mota tana kunne, mutum ya sa sifana ya kwance kan batir, ya ɗaga wayar sama, injin bai mutu ba, sai ya juyo yana murmushi wai altaneta, wato mai cajin batir, lafiya lau. Mutane sun yi ta turo mana suna tambaya ko haka ake gwaji. To ga mu a wani gareji nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Maigida, a ɗaga mana bonet.

[Kyamara a kan batir]

Mu yi sauri a nan, don kowa ya san wannan. Ga batir. Ɗaki shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da bolt 2.1, idan ya cika ka sami 12.6. Babban aikinsa na daƙiƙa biyu ne zuwa uku: ka murɗa makulli, ya tura wa kik wuta mai yawa, amfiya sama da 100, kik ya juya injin. Da injin ya tashi, aiki ya koma hannun wannan, altaneta, wanda bel ke juyawa. Shi ke ba fitila wuta, shi ke ba famfon mai, da filogi, da rediyo, da iyakwandishan, sannan ya mayar wa batir abin da kik ya ci.

Saboda haka mai bidiyon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tunda altaneta ke riƙe da mota, ai ko babu batir injin zai iya ci gaba da juyawa. Daga nan ne mutane suka ɗauka cewa da zarar mota ta tashi, batir ya zama ɗan rakiya. Nan kuskuren yake, kuma nan za mu daɗe.

[An buɗe tsohon altaneta a kan benci]

Ku dubi cikinsa. Wannan dunƙulen da ke juyawa a tsakiya maganaɗisu ne, amma ba irin na kan firij ba, sai an ba shi wuta yake zama maganaɗisu. Idan an ƙara masa wuta ya ƙara ƙarfi, altaneta ya fitar da wuta mai yawa. Idan an rage, ya rage. Mai wannan ƙari da ragi shi ne ɗan ƙaramin abin nan, regileta. Aikinsa ya tsayar da wutar mota tsakanin bolt 13.5 da 14.7, ko kana tsaye a danja ko kana gudu a hanyar Daura.

To regileta yana da sauri, amma maganaɗisun ba ya sauka nan take. Ko an yanke masa wuta, sai ya ɗauki ɗan lokaci kafin ƙarfinsa ya kwanta. A cikin wannan ɗan lokacin, wa ke shanye rarar wutar? Batir. Duk wani tsalle da wuta za ta yi, batir ne ke haɗiye shi. Haka kuma wutar da altaneta ke haifarwa mai kai da komo ce, waɗannan dayod guda shida ke miƙar da ita hanya ɗaya, kuma ko bayan sun miƙar tana fitowa da 'yan tudu da kwari. Batir ke daddale ta kafin ta isa ga na'urori.

Manoman rani na Ajiwa za su fi kowa gane wannan. Injin ban ruwa yana aiki da ƙarfinsa, ruwa na kwarara ta babban tiyo, sai wani ya zo ya toshe bakin tiyon lokaci guda. Injin bai tsaya ba, ruwan kuma dole ya nemi hanya, sai ya fasa inda ya fi rauni.

Yanzu ku lura da wannan, don shi ne abin da ya fi ba ni haushi a gwajin. Yaushe ake yin sa? Sai mota ta ƙi tashi da safe, an tura ta, ko an ja mata wuta. Wato lokacin da batir ya yi ƙasa sosai, altaneta kuma ya buɗe wuta yana cika shi da iya ƙarfinsa. A daidai wannan lokacin ne ake zare wayar. Babban mai shan wutar ya ɓace farat ɗaya, maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa, sai wuta ta yi tsalle. Tana iya haura bolt 40, a altanetan da ba shi da kariya har ta kusa 100. Ba ta kai rabin daƙiƙa ba take sauka, ido ba ya ganin komai, shi ya sa mai bidiyon yake murmushi.

[An nuna ƙwaƙwalwar mota a buɗe]

Ga wadda ke karɓar dukan. Kwamfuta ce sosai, ita ke lissafa yawan man da nozul zai fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Yawancin sensocin da ke kawo mata labari da bolt 5 kacal suke aiki. Masu ƙera mota sun sa mata kariya, gaskiya ne, shi ya sa ba kullum take ƙonewa nan take ba. Wani lokaci dayod ɗaya ne zai mutu a altaneta, ko regileta ya raunana, ko allon dashbod ya fara hauka bayan mako biyu, a ce ai aljanu ne ko kuma motar ce ba ta da kyau tun daga Kwatano.

Wani dattijo zai ce, yaro, mun shekara da shekaru muna yin haka a kan 504 ba abin da ya faru. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kafireta gare ta, babu kwamfutar da za ta ƙone, galibi ƙwan fitila ne zai mutu a sayi wani. Corolla da Civic da Vibe da suka cika titunan Katsina yau ba haka suke ba.

Kuma ko da babu haɗarin, gwajin ba ya faɗin gaskiya. Injin da ke tsaye ba fitila ba iyakwandishan wuta kaɗan yake sha. Altanetan da ya rasa rabin ƙarfinsa zai iya riƙe shi, ka ce lafiya, ka kama hanyar Jibiya da dare, ka kunna fitila, kafin ka isa mota ta mutu a daji.

Ƙanin wannan gwajin shi ne aron batir: a ɗora na maƙwabci a tayar da mota, a cire shi tana kunne, a mayar da naka. Abu ɗaya ne. Ga kuma tartsatsi a kan batirin da ke caji, wanda ke fitar da iskar da ke kama wuta. A nemi wayar jan wuta mai kauri, a bar kowane batir a mazauninsa.

[Mitar auna bolt a hannun rewaya]

To yaya ake gwadawa? Ga shi, ko minti biyu ba ya ɗauka. Jar wayar mita a kan mai alamar tarawa, baƙa a ɗaya kan. Mota a kashe, kun ga 12.5, batir yana da kyau. Da mun ga 12.2, rabi ya rage. Maigida, tayar. Kun gani, ta hau 14.2. Yanzu kunna fitila, kunna iyakwandishan, ɗan taka totur. Ta sauka kaɗan, 13.9, har yanzu lafiya. Da ta faɗo ƙasa da 13 ta zauna a can, sai a duba bel ko ya saki, a duba waya, sannan a zargi altaneta. Idan kuma ta wuce 15, regileta ne, yana dafa batir, kuma da zafin Katsina na watan Afrilu ba zai daɗe ba.

Mitar nan ba ta kai kuɗin cika tanki ba. Ni a ganina, rewayan da ba shi da ita a akwatinsa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Saura abu ɗaya kafin mu rufe bonet. Ku matso da kyamara nan. Kun ga wannan farin garin da ya taru a kan batir, ga noti ya saki har wayar tana motsi da hannu? Irin wannan, duk ramin da mota ta faɗa, wayar tana iya rabuwa da batir ta koma, injin yana aiki. A kashe mota, a fara cire baƙar waya, a goge da burushin ƙarfe, a ɗaure tamau, baƙar ita ce ta ƙarshe wajen mayarwa. Maigida, miƙo sifana mai lamba 10.