Sharhi: A duba batir kafin a yaba siririyar waya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Tun da shekarar 2025 ta zo ƙarshe kafofin da ke bin diddigin na'urori a Amurka da Turai suke ta fitar da jerin fasahohin da suka fi burge su. Kusan duk bakinsu ɗaya: siririyar waya, waya mai naɗewa, tabarau mai kyamara, sai ƙirƙirarriyar basira da aka cusa a ko'ina har cikin firji. Su dai sun rubuta ne don mutanensu. Abin da ke ɓata rai shi ne yadda wasu namu suke kwaso jerin ɗungurungum su karanta mana, ba tare da sun tsaya sun tambayi abin da mai saye a Gusau ko Maraɗi yake fama da shi ba.

A watan Mayun 2025 Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge, kaurinta milimita 5.8, batirinta mAh 3,900 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), alhali ƙananan wayoyin da matasanmu ke saye a kasuwar Farm Centre ta Kano yawancinsu 5,000 suke ɗauke da shi. A watan Satumba Apple ya biyo baya da iPhone Air mai kaurin milimita 5.6, kuma ya haɗa da sayar da wani batir daban da ake manna mata a baya. An rage wa waya ciki, an ce ka sake biyan kuɗi ka cike gurbin. Haba jama'a! Wa ya taɓa kukan cewa wayarsa ta yi masa kauri? Kukan da muke ji kullum shi ne caji ya ƙare.

Ci gaban da ya taɓa rayuwar mutane a 2025 yana cikin batir. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya gagari talaka. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ya ga wannan ba sai an gaya masa na'urar da ta fi muhimmanci a gidansa ba.

A ɓangaren waya, kamfanonin China sun fara gauraya silikon da kabon a ɓangaren batir da a da girafayit zalla ake sakawa. Silikon ya fi girafayit riƙe litiyom nesa ba kusa ba, don haka a wuri ɗaya ake samun ƙarin caji. Da haka OnePlus 13, wadda ta shiga kasuwannin duniya a Janairun 2025, ta zo da mAh 6,000 ba tare da ta yi kauri ba, daga baya masu 7,000 suka yi ta fitowa. Irin wannan batir yana da nasa aibin: silikon na kumbura sosai lokacin caji, shi ya sa kaɗan ake sakawa, kuma zafi na saurin tsufar da shi. Wanda ya sayi irin wannan waya ya kunna tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 in tana da shi, kada kuma ya kwana da ita ƙarƙashin matashi tana caji.

Babban sauyin dai yana cikin batirin sola, wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, masu shago kuma suna kiran sa litiyom kawai. A cikin ƙaramin akwai ƙwayoyi huɗu, kowace bolt 3.2, jimilla 12.8. Idan aka ce Ah 100 ne, wato yawan cajin da yake ɗauka, ka ninka 12.8 sau 100, ka sami Wh 1,280, wato jimillar wutar da yake tarawa. Wannan lambar ita ce gaskiyar abin da ka saya. Tsohon batir mai ruwa da muka saba da shi, in kana son ya daɗe, rabin abin da ke cikinsa kawai za ka riƙa sha, ga zuba ruwa, ga nauyin da ya kai kilo 30. Na litiyom kuwa ana shan kashi 80 zuwa 90, nauyinsa bai wuce kilo 13 ba, kuma mai kyau yana jure cikawa da saukewa sau 3,000 ko fiye. Sau ɗaya a rana, shekara takwas ke nan.

Mu yi lissafin gida ɗaya. Fankar sola biyu, kowace wat 20. Ƙwan fitila biyar masu wat 9. Talabijin mai wat 50. An tashi wat 135. Bayan an cire abin da ake bar wa batir da wanda inbata ke cinyewa, kimanin Wh 1,000 ya rage, wato sama da awa bakwai, daga magariba har dare ya raba. Faifan sola mai wat 400, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa biyar, zai ba da kusan Wh 1,500 bayan asarar zafi da ta wayoyi, ya cika batirin har da saura. Lokacin hunturu sai an riƙa goge ƙurar da ke kwanciya a kansa, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Na san za a ce ai wannan ba sabon abu ba ne. Gaskiya ne, tun wajen 1997 ayarin masana ƙarƙashin John Goodenough a Jami'ar Texas suka bayyana amfanin sinadarin LiFePO4 a batir. To sai me? Abin da ke kwance a ɗakin bincike bai kunna wa kowa fanka ba. Abin da ya sauya shi ne farashi: ƙididdigar cibiyar binciken makamashi ta BloombergNEF ta nuna matsakaicin farashin batirin litiyom ya sauko da kashi 20 cikin ɗari a 2024, zuwa dala 115 kan kowane kWh, wato Wh 1,000, kuma wannan sauƙin ne ya kawo shi shagunanmu. Masu cewa ƙirƙirarriyar basira ce fasahar shekara kuwa, tana da amfaninta, amma a cikin waya take, kuma matacciyar waya ba ta amsa tambayar kowa.

Sai dai inda kasuwa ta buɗe, nan mayaudara ke shimfiɗa tabarma, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Ana shigo da tsofaffin ƙwayoyi da waɗanda masana'anta ta ware saboda ba su cika ma'auni ba, a zuba su a sabon akwati, a manna takarda. Mataki na farko ka sa a ɗora batirin a sikeli. Wanda aka rubuta wa Ah 200 amma nauyinsa kilo 12, ƙarya ce tsagwaronta. Na biyu ka tambayi ƙarfin allon kariyar da ke ciki, wanda ake kira BMS. Kaya mai cin wat 1,000, kamar dutsen guga, yana jan sama da amfiya 80 daga batir mai bolt 12, allon da bai kai haka ba zai yi ta yanke wuta, siririyar wayar haɗi kuma ta yi zafi har robarta ta narke.

Sauran ɓarnar masu haɗawa ne ke yin ta. A kawo batirin litiyom a jona shi da tsohuwar inbata, a bar ta a kan tsarin batir mai ruwa, wanda kan ɗaga caji ya haura bolt 15 lokaci zuwa lokaci. Litiyom mai 12.8 yana son 14.2 zuwa 14.6 ne, ba ƙari. Wani kuma ya haɗa sabon litiyom da tsohon mai ruwa a layi ɗaya don kada a yi asara, a ƙarshe a rasa duka biyun. Wani ya ajiye shi a ɗakin kwano marar taga, alhali ba a son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri inda a watan Afrilu inuwa ma kan haura 40. In ya mutu cikin shekara biyu sai a ce litiyom ba shi da kyau. Batirin ba shi da laifi, aikin ne aka yi shi da ka.

Haka labarin fawabank. Mai mAh 20,000 ƙwayoyinsa bolt 3.7 ne, wato Wh 74. Wayar da ke da 5,000 tana ɗaukar kusan Wh 19, kuma ana asarar wani kaso wajen juya wutar, don haka cika uku za ka samu, ba huɗu ba. Na gaske yana da nauyin giram 300 zuwa 450. Wanda ya nuna maka ɗan ƙaramin abu mara nauyi da aka rubuta wa 50,000, ajiye masa kayansa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a watan Yunin 2025 Anker ya janye sama da guda miliyan ɗaya na wani samfurinsa a Amurka saboda haɗarin gobara, China kuma daga 28 ga watan ta hana shiga jiragen cikin gida da fawabank marar tambarin inganci na CCC. Duk wanda ya kumbura, a daina amfani da shi nan take.

Ga abin da ya kamata a ce shi ne kan gaba a jerin 2025. Daga 20 ga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta cewa duk wayar da za a shigar kasuwarta sai batirinta ya jure caji sau 800 yana riƙe da aƙalla kashi 80 na ƙarfinsa, kuma sai kamfani ya tanadi kayan gyara har shekara bakwai bayan daina sayar da samfurin. Su da wuta ba ta cika ɗauke musu ba sun kafa wa batir doka. Mu da rayuwarmu ta rataya a kansa me muke jira? Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki da FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su tilasta a rubuta Wh na gaskiya, da ranar ƙira, da adadin cajin da batir zai jure a jikin kowane ɗaya da ke shigowa. Su ɗebi samfuri daga kasuwar Alaba ta Legas da ta Sabon Garin Kano su gwada, su karanta wa jama'a sunayen waɗanda suka faɗi a gidajen rediyo, da Hausa.